Gilashi mai kala ba a kowace taga ake sa shi ba

Kai yaro, tambayar da ka yi min jiya wai ko a sa gilashi mai kala a duk tagogin falon gidan da aka ba ku, ko a manna sitika kawai a wuce, wallahi ka fama min tsohon miki.

Sitika dai kar in ƙara ji a bakinka, ranar Kano ba ta barinta, kafin ka ankara jan ya koma kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Gilashi mai kala na gaskiya kalarsa a jikinsa take tun daga wuta, shuɗin nan wani sinadari da ake kira kobal ake zubawa, wani jan ma har da zinari a ciki, shi ya sa yake tsada. Yanka da awo ba zan tsaya koya maka ba, shekara uku kana riƙe dayamon, abin yanka gilashi.

Wani Alhaji ne ya ba ni tagar matakalar benensa, doguwa, ƙafa 9. Na yi zanen a takarda ya ce Malam ai kai ne gwani, yi kawai. Na duba kasuwar Ƙofar Ruwa babu irin wanda nake so, sai daga Legas na sa aka kawo, biyu suka fashe a mota na biya da aljihuna, na zauna sati shida ina haɗa guntaye da dalma ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka faffashe. Ranar da muka ɗora, la'asar ta bugo shi, kala ta zubo a kan tayil ja da kore da ruwan ɗorawa, har leburori suka ajiye kwanon siminti suna kallo. Sai ga Hajiya da ƙawarta, ƙawar ta ɗaga kai ta ce wannan ai kamar coci. Shi ke nan fa! Alhalin ba hoton mutum ba na tsuntsu, taurari ne da dagi irin na zanen soro. Washegari ya ce a sauke, cikon kuɗina kuma in ji shi ai bai karɓi aiki ba, har yau in na kira ba ya ɗauka, Allah ya isa.

To ka ji, zane sai matar gida ta gani ta yarda, kuɗin gilashi kuma a hannu kafin ka yanka ko inci ɗaya. Kuma taga ɗaya ta isa, matakala ko saman ƙofar shiga, in ka cika falo da shi duhu zai yi, a ɗauke wuta da rana tsaka su zage ka. In yamma take kallo ka ɗaure ta da rodi ta baya don dalma na saki da zafi, ka sa farin gilashi mili 5 ta waje saboda ƙurar hunturu da ƙwallon yara.

Amma ku 'yan yanzu silikon da waya kawai kuka sani. Waccan tagar ita ce jingine a bayan shago da ka ɗauka tarkace ne, gobe ka zo da wuri ka goge ta ka ga yadda ake haɗa kusurwa.