Ƙanena, ka nemi malami tukuna kafin ka nemi jami'a

Assalamu alaikum ƙanena. Ya gida, ya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi.

Saƙonka ya iso, har da hoton jadawalin jami'o'in da ka ja wa layi da jan biro. Ka ce ka kammala digiri na biyu a fiziks a Samaru, kuma wurare biyu sun amsa maka kan digiri na uku. Ɗaya a Ingila, sunanta na can sama a jadawalin, amma ba ta ce komai kan kuɗi ba, har Baba ya fara maganar sayar da gonar Shika. Ɗayar a nan Jamus, a wani ƙaramin gari, amma da albashin shekara uku. Kana son ka san wacce ta fi inganci, da kuma yadda ake gane ingancin. Maganar gona ka bar ta a hannuna, ni zan kira Baba in roƙe shi ya dakata.

Kai ɗan Zariya ne, don haka abin da zan faɗa ba baƙo ba ne a wajenka. Ka san yadda ake neman ilimi a cikin birni. Ɗalibin da ya taso daga Katsina ko Damagaram neman nahawu, in ya iso, abin da yake tambaya shi ne wa ya iya littafi kaza, a zauren wa ake ba da shi, a wajen wa malamin ya ɗauka, kuma su wa suka sauke a hannunsa. Amsar da ya samu ita za ta kai shi Kona ko Juma ko wani lungu da babu ko allon sanarwa. Digiri na uku ya fi kama da karatun zaure fiye da karatun aji. Shekara uku ko huɗu ko shida za ka yi a gaban mutum ɗaya, kan matsala ɗaya. In mutumin ya yi, ka dace. In bai yi ba, girman ƙofar jami'ar ba zai rubuta maka kundi ba.

Jadawalin da ka aiko ba ƙarya ba ne, sai dai ka san abin da ya auna. Na Shanghai, wanda aka fara a 2003, kashi 30 cikin 100 na makinsa daga lambobin yabo irin su Nobel yake, na malaman jami'a da tsofaffin ɗalibanta. Wato lambar da wani ya ci tun kafin a haife ka tana ɗaga jami'ar yau, ko da ɗakin gwajinsa ya daɗe da rufewa. Na kamfanin QS kuwa kaso mafi girma ra'ayin malaman jami'o'i ne da aka tambaya. Na mujallar US News kan sassan fiziks na Amurka ma haka, tambayar malamai ake yi su ba wa junansu maki daga 1 zuwa 5. Suna kuwa yana da jinkirin tashi, yana da jinkirin faɗuwa.

Amurkawa sun gwada yin abin da gaske. Majalisar bincike ta ƙasarsu ta auna shirye-shiryen digiri na uku a 1982, da 1995, da 2010. A na ƙarshen sun duba shirye-shirye sama da 5,000, suka ƙirga wallafe-wallafe, da kuɗin bincike, da yawan masu kammalawa, da shekarun da ake ɗauka. Bayan duk wannan wahala ba su ba kowane sashe lamba ɗaya ba. Tazara suka bayar, suka ce sashe kaza yana tsakanin nan da nan, domin da ka sauya nauyin da ka ba wa kowane ma'auni sai jerin ya birkice. Ga shi bayanan na 2005 zuwa 2006 ne, kafin a fitar da su wasu malaman sun canza wurin aiki. In waɗanda suka fi kowa bayanai sun ƙi cewa wannan ce ta 12 wannan ce ta 30, kai ma kada ka ɗora rayuwarka kan wannan bambanci. Tunda ɗaya daga cikin naka a Ingila take, duba sakamakon REF na 2021, wato awon ingancin binciken jami'o'in Birtaniya, wanda ya auna sashen fiziks na kowace jami'a shi kaɗai. Ya fi jadawalin jami'a gaba ɗaya amfani, amma shi ma bai san malaminka ba.

Kuma fiziks ba abu ɗaya ba ne. Mai son nukiliya a Amurka, Jami'ar Jihar Michigan ce za a fara ambata masa, saboda babbar cibiyar binciken nukiliya ta FRIB da ta fara aiki a 2022. Mai son ilimin haske da leza zai ji sunan Rochester da Arizona. A Rochester ɗin ne Donna Strickland, tana ɗalibar digiri na uku a hannun Gérard Mourou, suka wallafa aikin 1985 da ya kai su ga Nobel a 2018. Mai son nazarin taurari da rediyo ba sai ya bar Afirka ba, ga na'urar hangen sararin samaniya ta MeerKAT a Afirka ta Kudu da farantai 64. Kai da ka yi aikinka a CERT, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, kan gano sinadaran ƙasa da niyutron, tambayarka ita ce ina ake irin wannan aikin da kyau a yanzu, kuma wa yake yin sa.

To yaya za ka bincika malami kana zaune a Samaru? Abin ya fi sauƙi fiye da lokacinmu. Buɗe shafin intanet na arXiv, wanda tun 1991 masu fiziks ke ɗora ayyukansu a kai kyauta, da Google Scholar, ka sa sunansa. Ka bar tsofaffin ayyukan da suka yi masa suna, ka dubi na shekara biyar ɗin nan. Yana wallafawa har yanzu? A ina? Mujallu irin su Physical Review da takwarorinta ne, ko waɗanda ake biya a buga cikin mako biyu? Sannan abin da ya fi muhimmanci, sunan wa ke farko a takardun? A yawancin ƙananan ƙungiyoyin bincike, wanda ya yi aikin shi ake sa wa a gaba. In ka ga ɗalibansa ne a gaba shi yana ƙarshe, alama ce mai kyau. Amma ka kula, a manyan gwaje-gwaje irin na CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, sunaye bisa tsarin haruffa ake jera su. Akwai takardar 2015 kan nauyin ƙwayar Higgs mai marubuta sama da 5,000. Don haka yawan takardu ko yawan ambato ba ya gwada mutum biyu da ke fannoni daban. Ka zaɓi takarda biyu nasa ka karanta da biro a hannu, ko da rabin ne ka gane. In ba ta ja hankalinka ba yanzu, ba za ta ja shi a shekara ta uku cikin sanyi ba.

Daga nan sai ɗalibansa. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Kundayen digiri na uku a yawancin jami'o'in Turai suna kan intanet, da sunan malamin da ya duba. Nemo waɗanda suka gama a hannunsa cikin shekara goma. Su nawa ne, shekara nawa kowa ya yi, ina suke yanzu? Ka rubuta wa biyu ko uku gajeren imel cikin ladabi. Ka fi neman waɗanda suka riga suka bar wurin, domin wanda ke hannunsa har yanzu bakinsa a ɗaure yake. Tambaye su sau nawa yake zama da ɗalibi a wata, kwana nawa yake riƙe rubutu kafin ya mayar, yana tura su taro, kuma akwai wanda ya fara bai gama ba? Wannan ta ƙarshen kada ka ji nauyin yin ta.

Na dage a kan wannan ne saboda ni ban yi ba. Lokacin da na fito, suna na bi. Na samu babban farfesa a babbar jami'a, mutumin da muka yi ta ganin sunansa a littattafai. Cikin shekara ɗaya da rabi, zaman da muka yi ni da shi kan aikina bai kai yatsun hannu biyu ba. Kullum yana tafiya. Na'urar da aikina ya dogara da ita ta lalace, aka yi watanni ana jiran kuɗin gyara, babu wanda ya ce mini in sauya hanya. Na riƙa zargin kaina, ina ganin ƙarancin shirina ne daga gida. Sai da wata ɗaliba da ta riga ni ta faɗa mini cewa mutum biyu kafin ni sun bar wurin a kan haka. Na koma hannun wata malama matashiya a wata jami'ar da ba ta kai waccan suna ba. Kowace Talata muna zama awa ɗaya, ta karanta duk abin da na rubuta layi-layi. A hannunta na zama mai bincike. Waccan shekara da rabi har yau ina jin ta, kuma da imel uku na tura tun farko da ban rasa ta ba.

Yanzu kuɗi. A fiziks, a wuraren da ake bincike da gaske, ɗalibin digiri na uku biyansa ake yi. A Amurka ana ɗauke masa kuɗin makaranta a ba shi alawus, ya taimaka da koyarwa ko bincike. A nan Jamus yawanci kwantiragin aiki ne, rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na albashin ma'aikacin bincike, da inshorar lafiya. A Holan da Suwidin ma ma'aikaci ne. Ingila ta fi wuya ga baƙo, saboda kuɗin makarantarsa ya ninka na ɗan ƙasa, kuma guraben da ke biya masa kaɗan ne. Shi ya sa takardar da ta ce ka zo amma ka biya da kanka ba ta gaya maka suna son aikinka ba. Malamin da ya ware maka albashi daga kuɗin bincikensa yana da dalilin son ka gama, domin shi ma za a tambaye shi. Ka rubuta wa na Ingilan ka tambaya kai tsaye ko akwai tallafi. Na Jamus kuma ka tambaya shekara ukun a rubuce take, kuma me ke faruwa in aikin ya shiga ta huɗu, domin yakan shiga. Ka tambayi kuɗin haya a garin kafin ka yi murna da adadin albashin. In Ingilan ta tabbata, ka sani fiziks na cikin fannonin da sai ka samu takardar izini ta ATAS kafin biza, kuma tana ɗaukar lokaci.

Ka kuma dubi kanka. Tsarin Amurka yana farawa da kwasa-kwasai kusan shekara biyu, da jarrabawar tantancewa a wurare da dama, sannan bincike, gaba ɗaya kamar shekara shida. Na Turai kuwa daga ranar farko ana ɗauka ka riga ka iya. In ka san kwantum ɗinka da lissafinka suna da giɓi saboda yajin aiki da gaggawar kammala manhaja, wannan ba abin kunya ba ne, amma a cike shi. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da difloma ta shekara ɗaya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa, da cikakken tallafi. Akwai kuma AIMS, cibiyar ilimin lissafi ta Afirka, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Gana da Senegal da Kamaru da Ruwanda. Na ga waɗanda suka bi ta nan sun iso da ƙafafunsu a ƙasa.

Kada kuma ka raina abin da ka baro. Riyaktar nukiliyar da ke CERT, wadda ta fara aiki a 2004 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam mai ƙarancin ƙarfi a 2018, jami'o'i da yawa a nan ba su da irinta. Ka sa wannan a gaba cikin wasiƙunka, ka faɗi abin da hannunka ya yi da ita. ICTP tare da hukumar makamashin nukiliya ta duniya suna da shirin STEP, inda ɗalibi ke rajista a jami'arsa ta gida yana zuwa can wasu watanni kowace shekara. Ga mai niyyar dawowa koyarwa a Samaru, ka tambayi wanda zai karɓe ka ko aikin da zai ba ka zai yiwu a ci gaba da shi a gida. Wanda ya ƙware kan na'urar da babu irinta a Najeriya yakan dawo ya zauna hannu biyu.

Ban ce maka ɗauki ta Jamus ba, duk da zuciyata ta karkata can saboda albashin, da kuma son in gan ka kusa. Ban san malamin ba tukuna. Aiko mini da sunayen malaman biyu da takardun da suka turo maka. Zan duba ayyukansu a ƙarshen mako, kai kuma ka nemo tsofaffin ɗalibansu ka tura imel ɗin kafin Juma'a. Ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku zan kira, mu haɗa abin da muka samo, sannan ka ba ni Baba.

Ka gaishe da Hajiya da su Yaya da yara.

Yayanka.