Kafin ka shafa wa bangon ƙasa siminti

Ka ce wani malamin makaranta da ya yi ritaya a Ƙofar Marusa yana so ka yi wa tsohon gidan mahaifinsa fulasta, bangon kuma na tubali ne, kana tambayata buhu nawa za ka ce ya saya. Yaro, da ka fara tambayata ko ya kamata a yi aikin. Lissafin buhu ko lebura ya iya. Buhu ɗaya kilo 50 ne, kwanon sarki biyu, sauran ka auna da kanka. Ba zan zauna ina koya maka kwaɓi bayan shekara huɗu kana bina ba.

Tambayar nan ta taso mini da wani miki. Ba a daɗe da ba mu jihar Katsina a 1987 ba, wani ma'aikaci da ya ajiye aiki ya kira ni gidansa, soro ne na ƙasa tun na kakansa, azara lafiya lau. Zai aurar da ɗiyarsa bayan damina, yana so gida ya yi kama da na zamani. Na ce masa Alhaji, siminti da ƙasa ba sa auren juna. Ƙasa tana shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta koma, siminti kuwa ba ya motsi. A bar ni in yi yaɓe da makuba, wato ruwan jiƙon ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasa da shi, in canza indararo biyu da suka tsage. Ya ce makuba aikin ƙauye ne, indararo kuma a bari sai garatuti ta fito. Ya dafa kafaɗata ya ce in sa kuɗina, ranar da aka biya shi ni ne farko.

Na sayar da raguna biyu da nake kiwo don layya, na sayi siminti, na biya leburori daga aljihuna. Aiki ya yi kyau, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Da ruwan Agusta ya sauka, ya bi ta tsagar indararon nan ya shiga tsakanin fulasta da bango. Ba hanyar fita, rana ba ta kai gare shi. Daga waje ba ka ganin komai, ciki kuwa tubali ya zama kunu. Dare ɗaya bangon gabas ya zube, Allah Ya kiyaye ba kowa a wurin. To, ka san abin da bawan Allah nan ya yi? Garatuti ta fito, aka sha biki da kiɗa, ni ko sisi. Ya bi majalisa majalisa yana cewa aikina ne ba inganci. Damina biyu ba wanda ya kira ni a unguwar. Kuɗin na yafe tuni. Sunana da ya ɓata ne har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ku yaran yanzu kun raina ƙasa don kun ga bulo a waya. Je ka tsaya gindin Hasumiyar Gobarau ka ɗaga kai. Ƙasa ce, ta yi ɗaruruwan shekaru, kulawa ce ta riƙe ta.

Saboda haka ka hau saman gidan malamin tukuna. Duba indararo, duba kan katanga, duba gindin bango inda ruwa ke fantsama, in babu dakali a yi. Ka jiƙa ɓawon ɗorawa ka sami makuba ta gaske, ka yi masa yaɓe, ka faɗa masa gaskiya cewa duk shekara ko biyu sai an sabunta kafin ruwa ya sauka. Mai fansho ne, wannan ya fi sauƙi ga aljihunsa. In ya kafe sai siminti, ka buga wayar kaji da dogayen ƙusoshi ta riƙe fulastar, kuma duk bayan damina ya ƙwanƙwasa bangon. Inda ya ji yana amo kamar ganga, ya rabu, a fasa a sake.

Kuma kada ka sa kwabonka a aikin. Ya sayi kaya da hannunsa, ya ba ka rabin ladanka a gaban mutum biyu. Ranar Asabar bayan la'asar ka zo ka ɗauke ni a babur, sai na taɓa bangon da hannuna kafin ka yi ciniki.