An sauya lasisin wasu sassan Qt: in daina sayar da manhajata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo nan Maraɗi. Na rubuta wata 'yar manhaja da Qt (kayan aikin gina manhaja) mai riƙe wa 'yan kasuwa lissafin kaya da bashi, har wasu masu shaguna a babbar kasuwa sun fara saye. Sai abokina ya ce an sauya lasisin wasu sassan Qt, wai ko in biya ko in daina. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka. Mai haƙƙin mallakar manhaja yana da ikon sauya lasisi, amma sauyin kan fara aiki ne daga sabon fitowa. Wanda ka riga ka sauke yana nan bisa sharaɗin da ka karɓe shi. Shi ya sa da kamfanin HashiCorp ya sauya lasisin manhajarsa Terraform a 2023, wasu suka ɗauki fitowar ƙarshe ta tsohon lasisi suka ci gaba da ita da sunan OpenTofu.

Babban sauyin Qt ya zo ne da fitowa ta 5.7 a 2016. Aka bar lasisin kyauta na LGPL 2.1 aka koma LGPL 3, sannan sassa irin su Qt Charts da Qt Virtual Keyboard, waɗanda a da sai da kuɗi, aka sake su ƙarƙashin wani lasisin kyauta, GPL 3. To nan ne nake so ka natsu, don sassan ba lasisi ɗaya gare su ba.

Sashen da ke LGPL, kana iya aiki da shi ka rufe rubutun manhajarka (source code), muddin fayilolin Qt suna zaman kansu yadda mai saye zai iya musanya su, ka haɗa masa takardar lasisin, ka kuma ba shi hanyar samun rubutun Qt ɗin. GPL kuwa tafiya yake da manhajar gaba ɗaya. In da Qt Charts kake zana wa Alhaji hawa da saukar cinikinsa, wajibi ne ka ba shi rubutun manhajarka duka, kuma yana da 'yancin ba wani. Sayarwa ba laifi ba ce, hana shi rabawa ne ba ka da iko.

Saboda haka buɗe aikinka yau, ka duba lasisin kowane sashe da ka sa. In Charts na ciki, ko ka zana jadawalin da kanka da QPainter, kayan zane na Qt wanda ke ɓangaren LGPL, ko ka sayi lasisin kasuwanci. Ni dai da zan zaɓa maka, ka saki abin a GPL. Manhaja a garin nan ba ta kwana biyu ba a tura ta waya zuwa waya ba, amma ɗan kasuwa zai biya wanda ya saka masa ita, ya koya wa yaron shago, ya kuma amsa kira ranar da lissafi ya rikice.