'Yan Ajinmu Na Shirin Bikin Fita, Ni Kuwa Ina Ɓoye Wa Baba Kari-oba

Assalamu alaikum Anti,

Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali. Ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a wata jami'ar gwamnatin tarayya a nan Arewa, shekarata 24. Yanzu haka muna tsakiyar jarrabawar zangon ƙarshe. Duk wanda ya yi jami'a ya san yadda makaranta take komawa a irin wannan lokaci. Ajujuwa cike suke har asuba da masu karatun kwana, laburare babu wurin zama tun da hantsi, masu fotokofi da masu ɗaure furojet ko ɗaga kai ba sa yi. A hostel kayan abincin kowa ya ƙare, sai a haɗa tukunya ɗaya a ci. 'Yan ajinmu kuwa ba su da zance sai na ranar fita. An sayi fararen riguna da alƙaluman maka na yi wa juna rubutu a jikinsu, an fitar da ankon ranar al'adu, an yanka wa kowa kuɗin dina, an kama mai hoto.

Ni ma na biya kuɗin, na ɗinka ankon. Amma Anti, ni ba fita zan yi ba.

Sakamakon zangon farko bai fito ba sai da muka yi nisa a zango na biyu. Da aka liƙa, sai na ga F a wani kwas na dole mai yunit 3. Gaskiya ne ranar jarrabawar da zazzaɓi na shiga, amma a tes na ci 21 cikin 30, shi ya sa har yau abin ya ƙi zama min a rai. Ban taɓa ɗaukar kari-oba ba, wato faɗuwa kwas a sake shi baɗi, tun da na shigo. Ko da wannan F ɗin, CGPA ɗina, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, 3.68 ne. Kodinetan ajinmu ya ce kwas ɗin na zangon farko ne, sai dai na dawo baɗi na sake shi.

Babana tsohon hedimasta ne na firamare, da fansho yake riƙe gida. Lokacin da na samu gurbin karatu, ƙannensa sun so a yi min aure, shi ya tsaya kai da fata ya ce sai na yi digiri. Yanzu ya gaya wa kowa, har abokan zamansa na ƙofar masallaci, cewa bana zan gama. Umma ta fara maganar walima. Dangin wanda zan aura kuma an yi da su cewa da na gama za a sa rana. Duk sanda Baba ya kira ya ce, "Ya jarrabawa, an kusa ko?" sai na ce masa alhamdulillah, ina kashe wayar na fashe da kuka.

Wani ɗan ajinmu ya same ni a ɓoye, ya ce ya san wanda zai iya mayar da F ɗin C kafin a rufe sakamako, in na kawo naira dubu 80. Ina da ɗan kunnen zinari da zan iya sayarwa. Ƙawata kuma ta ce na rabu da shi, na sa farar rigata na yi bikin fita kamar kowa, na koma gida, baɗi na ce kiliyarans, wato sa hannun ofisoshi kan takardun sallama, shi ya dawo da ni makaranta. Na rasa wadda zan kama. Ba na barci, karatun takardun da suka rage ma ba ya shiga. Don Allah Anti ki ba ni shawara, ba na son na karya wa Baba zuciya.

'Yarki mai damuwa

*

Wa'alaikumus salam 'yata,

Na karanta wasiƙarki, kuma na tausaya miki ƙwarai. Amma kafin mu zo kan Baba, akwai abin da ya fi gaggawa. Takardun da suka rage miki su ne a gabanki yanzu. Kwas ɗaya aka riƙe ki da shi, na zangon farko. In kika bar rashin barci ya kayar da ke a wani na wannan zangon, zaman da zai ƙare cikin wata huɗu zai koma shekara cur. Ki ci abinci, ki kwanta ko da awa biyar ne, ki bar karatun kwana in ba ya shiga. Da kin ajiye biro a takardar ƙarshe sai ki fuskanci sauran.

Maganar ɗan ajinku ki rufe ta yau. Ki duba abin da ya ce miki da kyau. Sakamakon da aka riga aka liƙa ya bi ta hannun malamin kwas, da jami'in jarrabawa, da taron malaman sashe, da na tsangaya, kuma Sanet, majalisar ƙoli ta malaman jami'a, ita ke sa masa hannu na ƙarshe. Takardar maki ta asali tana ajiye, littafin amsarki yana ajiye. Yawancin masu irin wannan alkawari kuɗi kawai suke karɓa su ɓace, sun san ba ki da bakin kai ƙara. In kuma an yi rashin sa'a ya cika alkawarin, to nan ne kika shiga uku, domin ranar da aka gwada takardun aka ga saɓani, ba maimaita kwas za a ce ki yi ba, kora ce. Jami'o'i suna janye digiri ko bayan shekaru in aka gano an same shi ta maguɗi, kuma ƙasar nan tana da dokar hana maguɗin jarrabawa tun 1999, mai tara da ɗauri. Bayan wannan duka, cin hanci ne, kin san hukuncin mai bayarwa da mai karɓa a addini. Yarinyar da ta kai aji huɗu da 3.68 da guminta ba ta da buƙatar wannan. Ɗan kunnenki ya zauna a kunnenki.

Akwai hanya ta halal, kuma ban ga alamar kin bi ta ba. Kin ce kin ci 21 a tes. Inda 40 ne makin tsallakewa, 19 kacal kike nema cikin 70 na jarrabawa. Mai zazzaɓi na iya rasa su, haka ne. Amma kuma yakan faru a manta shigar da makin tes, ko a yi kuskuren lambar ɗalibi, ko a tsallake shafi wajen haɗa maki a aji mai ɗaruruwan mutane. Ki je wurin jami'in jarrabawa na sashenku cikin ladabi, ki roƙi a duba miki yadda makin ya rabu, nawa ne na tes, nawa ne na jarrabawa. In takardar tes ɗinki na hannunki, ki tafi da ita. In an ga kuskure, malamin kwas ne zai rubuta gyara ta hannun shugaban sashe. In babu kuskure amma zuciyarki ba ta kwanta ba, jami'o'i suna da tsarin neman a sake duba takarda, ana rubuta buƙata a biya kuɗi a asusun makaranta a karɓi rasit. Yana da wa'adi, don haka ki buɗe littafin dokokin ɗalibai na makarantarku ki gani tun kafin a tafi hutu, ofisoshi su yi shiru. Sai dai kada ki rataya duk ranki a kan wannan. Ki shirya wa amsar da ba ki so.

In F ɗin ya tabbata, ga girman abin a zahiri. Za ki yi rajistar kwas ɗaya, ki halarci lakca, ki rubuta tes da jarrabawa. Digiri mai daraja ta biyu babba yana farawa daga 3.50, kina sama da shi ko da F ɗin a ciki, kuma in kika ci kwas ɗin da kyau sai dai ki ƙaru. Mai karatun shekara huɗu ana ba shi har shekara shida, ke ko kusa ba ki yi ba. Hidimar ƙasa tana karɓar wanda ya gama kafin ya wuce shekara 30, kina 24, kuma rukuni-rukuni ake tura mutane a cikin shekara. Abin da za ki rasa watanni ne da kuɗin rajista. Ki tambayi nawa ne kuɗin, ki rubuta shi, domin Baba zai tambaya.

Shawarar ƙawarki ita ta fi ba ni tsoro, don ta fi sauƙin bi. Ba ta da mugun nufi, so take ki huta. To amma ki bi ta a zuci har ƙarshe. An yi walima, an yanka rago, Baba ya karɓi barka a ƙofar masallaci, hotonki da farar riga ya zaga WhatsApp ɗin dangi. Sai sunayen masu hidimar ƙasa su fito babu naki. Kiliyarans ba ya cin wata huɗu, kuma kuɗin rajista da na zama daga ina? Kowace tambaya sai kin ƙirƙiro mata sabuwar amsa, har ki shiga ɗakin mijinki da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yata. Kuma ranar da ta fashe, ƙannen Baba da suka ce kada ki yi karatu ba F za su riƙe ba, cewa za su yi boko ta koya miki ƙarya. Wannan ne zai karya masa zuciya, ba kwas mai yunit 3 ba.

Kin kuma manta waye babanki. Mutumin da ya yi rayuwarsa a makaranta, ya cika rifot na yara ba adadi, ya san mai ƙoƙari ma yakan faɗi takarda. Shi ne ya jure wata takwas na yajin aikin malaman jami'a a 2022, daga Fabrairu har Oktoba, kina zaune a gida mutane na ta magana, bai janye ki ba. Zai ji ba daɗi, wataƙila ya yi shiru kwana biyu, wataƙila ya yi faɗan me ya sa ba ki faɗa da wuri ba. Ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. Kada ki kare kanki, ki ce ya yafe miki, tsoron ɓata masa rai ne ya rufe miki baki.

Ki fara da Umma, a waya, ranar da kika gama takardar ƙarshe, don ta dakatar da shirin walima kafin a kashe kuɗi. Baba kuwa ba a waya ba. Ki je gida, ki durƙusa a gabansa Umma na kusa, da takardar sakamakonki tun daga aji ɗaya a hannunki. Malami ne, takarda zai fi ganewa. Ya ga shekara huɗu na maki masu kyau, ya ga F ɗaya, ya ji abin da kika yi a kai da ranar da za ki koma. In kina da yaya ko gwaggo da yake jin maganarta, ki nemi ta zauna tare da ku.

Wanda za ki aura ma ki gaya masa da bakinki, bayan iyayenki sun sani, ba kafin su ba. Ko a ɗaga ranar zuwa bayan zangon, ko a ɗaura auren ki koma ki ƙarasa daga ɗakinki, mata da yawa sun yi haka. In ta biyun aka zaɓa, ki roƙi Baba ya sa maganar komawarki makaranta a cikin abin da manya za su tsayar tun kafin ɗaurin aure, kada ta zama alkawarin zance tsakaninku biyu. Yadda saurayin ya karɓi labarin ma zai nuna miki wani abu game da shi, ki lura.

Ranar al'adu da dina kuwa, kin biya, kin ɗinka anko, kuma shekara huɗu kika yi da waɗannan mutane. Ki je ki yi sallama da ƙawayenki, ki karɓi lambobinsu, in akwai mai kyakkyawan littafin lakca na kwas ɗin ki karɓa tun kafin ta ɗaure kayanta. Farar rigar ce nake so ki ajiye. Duk wanda ya gan ki a cikinta ya ɗauka kin gama, kuma hoto yana riga mai shi isa gida. Wasu jami'o'in ma sun hana bikin rubutu a riga gaba ɗaya, babu wanda zai tuhume ki don ba ki sa ba.

Ki sake rubuto min bayan kin ga jami'in jarrabawa, ina son na ji yadda makin ya rabu. Allah ya ba ki sa'a a takardun da suka rage, ya sanyaya zuciyar Baba.

Antinki