Hukuncin Shiga Kwale-kwale Ba Rigar Kariya, da Sunan Tawakkali

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗan Damagaram ne, nakan je tabkin Gidimuni sayen kifi, wani lokaci in shiga kwale-kwalen masunta. Na samu rigar kariya mai hana nutsewa a ruwa, sai matuƙin ya ce sa ta raunin imani ne, wai wanda ruwa ya ci ai shahidi ne. Ina gaskiya?

Amsa: Bismillah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, sa rigarka. Ga wanda bai iya iyo ba kuma ruwan ya fi ƙarfin tsayuwa, ina ganin sa ta wajibi ne in ya samu, domin Allah ya ce a Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, sai ya ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Annabin da kansa ya sa sulke biyu ranar Uhudu, wa zai ce imaninsa ya yi rauni?

Hadisin da matuƙin ya kawo ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya nutse yana cikin shahidai. Amma wannan bushara ce ta sanyaya zukatan iyalan mamaci, ba izinin ganganci ba. Imamu Ahmad ya ruwaito gargaɗi mai tsanani kan wanda ya hau teku lokacin da yake tumbatsa, ya mutu. Malamai suka fahimci haramcin shiga ruwa idan halaka ta fi rinjaye a zato. Haka tabki yake a damina: hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, sai a dakata a bakin ganga har ta lafa. Bayan magariba ma a haƙura, don idan jirgi ya kife cikin duhu ba mai ganin wanda zai ceto.

Abin da ya fi damuna shi ne matuƙin. Rayukan da ke jirginsa amana ce a wuyansa. Idan ya yi lodi fiye da kima saboda kwaɗayin jaka ɗaya ko biyu, ko ya san jirgin yana yoyo ya ɗauki mutane, har wani ya mutu, to sakacinsa ne sanadi, kuma lamarin na iya shiga babin kisan kuskure da ke Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya da kaffara. Alƙali ne zai tantance. Yara kuwa, alhakinsu na kan babban da ya shigar da su.

Da ka shiga, zauna ƙasa, kada ka miƙe, a raba kaya daidai gefe da gefe, ka ɗaure rigar sosai. Sannan ka karanta abin da Annabi Nuhu (AS) ya faɗa a Suratu Hud, aya ta 41: Bismillahi majreha wa mursaha. Ka kai wa matuƙin wannan bayani cikin ladabi, a keɓe, ba gaban fasinjoji ba.

Wallahu a'alamu.