Tambarin da ya dushe a jikin bana: bekta ko rasta?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta bayaninki har sau biyu. Kin zana wa wata mai sayar da turaren wuta tambari a manhajar PixelLab, a waya ya fito tsaf, amma da aka buga shi a bana, wato babban ƙyallen talla, mai faɗin ƙafa 6 sai gefen haruffan ya dushe kamar ruwa ya taɓa tawada. Mai shagon buga takardu ya ce miki bekta za ki kawo, shi ne kike tambaya ko ki rabu da rasta gaba ɗaya. Kada ki rabu da ita. Hannunki bai yi laifi ba, idonki ma haka. Kin dai ɗauko kayan aikin da ba na wannan aikin ba ne, kuma ni ma sai da na yi irin wannan asarar kafin na gane.

Ki ɗauko hular ɗinkin hannu ki duba ta daga nesa, za ki ga zane mai santsi. Matso da ita kusa da ido sai ki ga ashe ƙananan gidaje ne jere, kowane gida da launin zarensa. To haka rasta take. Hoto ne da aka jera da ƙananan murabba'ai da ake kira fiksel, kuma adadinsu a ƙayyade yake tun ranar da aka yi hoton. Duk hoton da kyamara ta ɗauka rasta ne, haka duk fayil ɗin JPEG da PNG. Idan kin ja shi ya yi girma, ba a ƙara masa gidaje ba, gidajen ne suka kumbura, ko kuma manhaja ta yi kintace ta cike tsakaninsu, shi ya sa yake yin hazo.

Mu yi lissafin naki. A ce faɗin tambarin fiksel 1080 ne, kamar yadda yawancinmu muke yi saboda Instagram. A katin kasuwanci mai faɗin inci 3.5, kowane inci zai samu fiksel sama da 300, wanda shi ne ma'aunin da masu buga takardu suke so ga abin da za a riƙe a hannu. Zai fito raɗau. Amma ƙafa 6 inci 72 ne, ki raba 1080 gida 72, fiksel 15 kacal ke nan a kowane inci. Wannan ko daga taku uku mutum ya tsaya zai ga gefen harafi yana hawa-hawa kamar matakala. Don kwatanci, takardar A4 guda ɗaya idan ana son ta fito da kyau tana buƙatar fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Kin ga ko A4 ɗin ma tambarinki bai cika ba, balle bana.

Ita kuwa bekta ba ta ajiye gidaje. Umarni take ajiyewa: layi ya tashi daga nan, ya lanƙwasa haka, ya tsaya a can, a cika cikinsa da kore. Kamar tela ne da ya san yankan riga a kansa, ko ta jariri aka ce ya ɗinka ko ta ƙato, fasalin ɗaya ne, awo kawai yake canzawa. Duk lokacin da aka ƙara girma, kwamfuta sake zana layin take yi daga lissafi, don haka gefensa yana nan da kaifinsa ko a jikin biro ko a bangon bene. Wani abin da ke burge ni, wannan lissafin lanƙwasar ba masu zane suka fara shi ba. Ma'aikatan kamfanonin mota ne a Faransa, Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na Renault, suka yi amfani da shi wajen tsara jikin mota a wajajen 1960. Ƙananan hannayen nan da ake ja a jikin layi a manhajar bekta don ya lanƙwasa, aikinsu ne muka gada. Adobe Illustrator ya fito da wannan salo a 1987, CorelDRAW a 1989, sannan Photoshop, wanda shi na rasta ne, ya fito a 1990.

Nawa karatun a kan bajen wata makarantar Islamiyya na yi shi. Na zana shi a Photoshop, na sha wahala a kansa kwana da kwanaki, har da inuwa da sheƙi. Suka yaba, aka buga a takardar sakamako, lafiya lau. Bayan wata biyu suka dawo suna son a yanka shi a sitika a manna a gilashin motar makaranta, a kuma yi shi a aljihun rigar yara. Mai injin yankan sitika ya kalli fayil ɗin ya ce ba abin da wuƙar injinsa za ta bi, domin ita layi take bi, ba ta san fiksel ba. Mai injin ɗinki shi ma ya ce sai an sake bin zanen an mayar da shi ɗinki-ɗinki, kuma inuwar nan da na ɓata lokaci a kanta ba za ta fito da zare ba. Na zauna na sake zana bajen daga farko a CorelDRAW ba tare da na karɓi ko sisi ba, don kuskuren nawa ne. Tun daga ranar, kafin in buɗe kowace manhaja sai na tambayi mai aiki: ina da ina wannan zanen zai je?

Amma fa kada ki ji haka ki ɗauka bekta ta fi rasta daraja. Wannan maganar ina yawan jin ta wurin sababbin shiga, kuma ba gaskiya ba ce. Fuskar mutum, laushin fata, hayaƙin turare yana tashi, hasken la'asar a jikin katangar ƙasa, waɗannan duk launuka ne dubbai da ke narkewa cikin juna, kuma rasta ce ke iya ɗaukarsu. Mai zanen fuska da burushi a Krita ko Procreate ko ibisPaint yana kan daidai. Idan kin tilasta wa hoton amarya ya zama bekta, ko dai ya koma faci-faci kamar taswira, ko fayil ɗin ya yi nauyin da kwamfuta za ta riƙa sandarewa. Katin biki ma ai haɗin gambiza ne: hoton rasta, rubutu da kwalliyar gefe bekta, a haɗa su a PDF guda, domin PDF yana ɗaukar duka biyun.

Ga wani tarko da mutane da yawa ke faɗawa. Ɗauko PNG a jefa cikin CorelDRAW a ajiye shi da sunan CDR, wato fayil ɗin CorelDRAW, ko a fitar da shi a matsayin SVG, wato fayil ɗin bekta, ko PDF, bai mayar da shi bekta ba. Rasta ce dai a cikin sabuwar jaka. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki zuƙo hoton sosai, idan gefen ya zauna da kaifi bekta ce, idan ya farfashe to ba ita ba ce. Akwai kayan bin sawu da ke ƙoƙarin juya rasta zuwa bekta, PowerTRACE a CorelDRAW, Image Trace a Illustrator, Trace Bitmap a Inkscape. Suna taimakawa idan zanen baƙi da fari ne mai tsafta. A kan haruffa kuwa ban yarda da su ba, sukan karkatar da layin da ya kamata ya miƙe, su tara ɗigo ɗari inda huɗu sun isa. Gara ki sa tsohon tambarin a ƙasa ki bi shi da hannu, rubutun kuma ki sake buga shi da salon harafin da kika yi amfani da shi.

Tunda an zo kan rubutu, mu masu rubuta Hausa muna da wata matsala ta daban. Ba kowane salon harafi ke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Idan kin kai fayil shagon da kwamfutarsu ba ta da salon da kika zaɓa, sai ta musanya shi da wani, ƙugiyar ta ɓace ko akwati ya fito a gurbin harafin. Na taɓa ganin an buga "kasa" inda ake nufin "ƙasa". Maganinsa, kafin ki tura, ki mayar da rubutun ya zama layukan zane. A CorelDRAW Ctrl da Q ne. Sai dai ki ajiye kwafi ɗaya da ba ki mayar ba, domin bayan an mayar ba a iya gyara kalma.

Game da naki aikin, ga abin da zan yi da ni ce a matsayinki. Idan kina samun kwamfuta ko ta aro ce, ki sauke Inkscape, kyauta ce tun fitowarta a 2003, tana aiki da SVG, kuma CorelDRAW da yawancin shagunan buga takardu a Najeriya ke amfani da shi yana buɗe SVG da PDF. Tambarin turare mai kasko da suna ba zai ci miki fiye da yini ɗaya ba ko kina koyo. Ki rage launukan su zama biyu ko uku, ki gwada shi da baƙi zalla ki ga ko yana tsayawa. Idan kuma waya kaɗai gare ki a yanzu, ki sake buɗe aikin da faɗin fiksel 4000 ko fiye tun daga farko, ki fitar da shi PNG. Bana daga nesa ake kallonsa, ba ya buƙatar 300 a inci, wannan zai rufa asiri. Kuma wajen turawa ta WhatsApp ki tura shi a matsayin fayil, kada ki tura shi a matsayin hoto, domin manhajar tana matse hotuna, wataƙila ma rabin dushewar da kika gani daga nan ta samo asali.

Ki kuma roƙi mai shagon ya buga miki ɗan yanki na tambarin a ainihin girmansa a takarda ɗaya kafin ya saki banar duka. Idan kin fara bin layin a Inkscape kika maƙale wajen lanƙwasar hayaƙin, ki ɗauko hoton inda kika tsaya ki turo, zan nuna miki inda za ki dasa ɗigon.