Amalanken Jan Gungume A Bayan Ƙaramar Tarakta: Yadda Ake Ƙera Shi

Tambaya: Ina jan gungumen itace da sarƙa a bayan ƙaramar tarakta, amma kansa yana caka ƙasa, yana kwasar yashi da ke dakushe zarto. Yaya zan haɗa amalanken da zai ɗaga shi sama?

Amsa: Malam, abin da kake buƙata ƙarfe ne mai siffar ƙofa, ƙafafu biyu da taya a kowace, sai dogon hannu da ya kai ga tarakta. Amalanken yana hawa kan gungumen, a ɗaga kansa ya rataya a tsakanin tayoyin.

Ka nemi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗin milimita 50 ko 60, kauri bai gaza milimita 4 ba. Idan kaurin gungumenka mafi girma ya kai santimita 60, ka bar faɗin ciki ya kai 80. Hannun ya yi wajen mita 2. Tayoyin ƙaramar mota da borisansu sun wadatar. A kowace kusurwa mai walda ya ƙara ƙarfe mai kusurwa uku ya riƙe ta, domin a nan walda ke fara tsagewa, musamman inda gindin taya ya haɗu da ƙafa.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne wurin rataya. Ƙugiyar da za a rataya gungumen ta kasance gaban layin tayoyi, wato ta ɓangaren tarakta, da kamar santimita 10 zuwa 15, nauyin ya riƙa danna hannun a kan tarakta. In ta koma baya, hannun zai riƙa ɗaga gindin taraktar, tayoyinta na baya su yi ta santsi. Da winci, wato na'urar da ke naɗe igiya ta ɗaga kaya, za ka ɗaga, amma da zarar kan gungumen ya bar ƙasa da taƙi ɗaya, ka mayar da nauyin kan sarƙa. Igiyar winci ba ta jure girgizar hanya.

Kada ido ya ruɗe ka a kan nauyi. Ɗanyen gungume na itace mai tauri, kauri santimita 50, tsawo mita 4, yana kusan kilo 800. Ƙaramar tarakta kanta wata ba ta wuce haka da yawa ba.

Don Allah, ka ɗaura amalanken a ƙarfen ja na ƙasa kawai, wanda yake ƙasa da gindin tayoyin baya. In ka ɗaura a sama, gungumen ya maƙale a kututture, gaban taraktar zai tashi ta kife a kan direba kafin ƙafarsa ta kai ga kuloci.

A gangara ka sa ƙaramar giya tun daga sama, saboda amalanken ba shi da birki, gungumen zai riƙa ingiza ka. Ka bar jelarsa tana jan ƙasa, ita ke rage masa gudu. Kuma ka ƙara gajeriyar sarƙa daga kan gungumen zuwa hannun amalanken don kada ya yi lilo ya daki bayan taraktar.